Makirufon Kara: Tarihin Murya a Ƙasar Gumel Ta Bakin Wasan Yara

Gabatarwa

A kakar shekarar 2008, bayan an gama girbin dawa an jingine kara a bayan gidaje, na ƙera makirufona na farko a zauren gidanmu da ke Gumel. Shekaruna tara a lokacin. Wani almajiri ɗan ƙasar Damagaram da ke karɓar abinci a gidanmu shi ya nuna mini yadda ake yi. Na zaɓi kara mai kauri, na yanko gaɓa ɗaya da rabi, na tsaga kansa gida huɗu da reza. Na ɗauko ƙwallon goruba da muka gama gwaguya, na cusa shi a tsakanin tsagin, na ɗaure tamau da robar tsohon tub na keke. Daga nan na lulluɓe kan da wani yanki na safar makaranta, domin ya yi kama da soson da muke gani a kan makirufon masu wa'azi. Na fere totuwar kara 'yar ƙarama, na kafe ta a jikinsa da ƙayar aduwa, ita ce makunni. A gindinsa kuma na ɗaura dogon zaren buhu, na zura ɗaya bakin cikin gwangwanin madara da muka rataye a ƙofar zaure, shi ne lasifika.

Wannan abu bai ƙara wa muryata ƙarfi ko ƙwayar zarra ba. Amma da na ɗaga shi na kai bakina, na ƙwanƙwasa kansa sau biyu da yatsa kamar yadda manya suke yi, sai yara bakwai da ke ta hayaniya a zauren suka yi tsit.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin wautar ƙuruciya kawai. Sai da na karanci tarihi a jami'a, aka koya mana cewa shaida ba ta tsaya ga takardun Razdan da rubuce-rubucen malamai ba, har da tukwane da kufai da kayan hannu, sannan na waiwayi wannan kara da idon basira. Yaro ba ya kwaikwayon abin da ba shi da daraja a idon manyansa. Idan ya gina doki da laka, to a garinsu doki ne alamar isa. Idan ya haɗa mota da kara, to mota ta karɓi wannan matsayi. Ranar da yaran ƙasar Gumel suka fara ƙera makirufo, a ranar suka ba da shaida cewa ikon magana a bainar jama'a ya sauya mazauni. Wannan muƙala za ta bi sawun wannan sauyi, daga sanƙira zuwa lasifika, daga fada zuwa zaure, sannan ta duba abin da ya fi tsaya mini a rai: wa aka bari ya riƙe makirufon, wa aka hana?

Zamanin da mutum ne lasifika

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta kafu ne a tsakiyar ƙarni na 18. Sarakunanta Mangawa ne masu biyayya ga Barno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba bayan jihadin 1804. A shekarar 1845 aka dawo da mazaunin sarauta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa garin Gumel. Ƙasa ce ta bakin iyaka tun asali, tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram, kuma ta sha hare-hare kafin zuwan Turawan Ingila a 1903. A irin wannan wuri, isar da magana da wuri batu ne na rai da mutuwa, domin manomin da bai ji gangami ba shi mahara suke tararwa a gona.

Kakanninmu ba su da lantarki, amma suna da hanyoyin ƙara wa magana nisa. Akwai tambari da kakaki, waɗanda ba a kaɗa su ko busa su sai domin sarki. Akwai mai shela da ke zaga unguwanni da kasuwa yana yekuwar umarnin fada. Akwai sanƙira, wanda yake ɗaukar maganar da aka yi a hankali ya cilla ta ga taro da babbar murya, ya ƙawata ta, ya sanar da kyauta da sunan mai bayarwa. A masallaci kuwa ladan ne yake maimaita kabbarar liman domin sahun baya ya ji. Ko a gaban sarki, idan baƙo ya faɗi gaisuwa, fadawa ne suke amsawa da cewa sarki ya gaishe shi. Ke nan abin da waya da batir suke yi a yau, maƙogwaron ɗan Adam ne yake yin sa a jiya.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a wannan tsari. Na farko, babban mutum ba ya ɗaga murya. Ɗaga murya aikin bara ne da maroƙi, kuma duk da kusancinsu da masu mulki, al'umma ba ta ɗora su a sahun gaba ba. Masanin nan M. G. Smith ya yi bayanin wannan matsayi na maroƙa a wata maƙala da ya wallafa a 1957. Na biyu, ayyukan nan na gado ne ko na naɗi. Ba kowa ne zai wayi gari ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya yi shela ba. Talaka mai kuka sai ya bi tsani: daga bulama ko mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, kafin maganar ta kai fada, in ta kai ke nan.

Wasannin wancan zamani sun kwafi wannan tsari daidai wa daida. A wasan gauta, matan fada suna kwaikwayon sarki da fadawansa, har su nuna musu kurakuransu cikin raha. A kalankuwa, samari suna naɗa wa junansu muƙamai bayan girbi, kuma da Turawa suka zo sai sunayen Gwamna da Razdan da Di'o suka shiga cikin wasan. Kakata, wadda ta tashi a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, ta ce a ƙuruciyarsu idan yara maza suka yi wasan sarauta, ɗaya zai naɗa tsumma ya zauna ya kame bakinsa, wani kuma ya tsaya a gefe yana ta kwarara kirari. Wanda ya yi shiru shi ne sarki. A namu wasan na 2008 kuwa, wanda yake magana shi ne sarki. Tsakanin waɗannan wasanni biyu akwai tarihin shekara sittin ko fiye.

Ƙusoshi da gawayi

Abin mamaki shi ne, makirufon gaskiya ma da tarkace aka fara shi. Bayan Alexander Graham Bell ya yi rajistar wayar tarho a 1876, matsalar da ta rage ita ce raunin muryar da ke bi ta cikin waya. Thomas Edison da Emile Berliner a Amurka sun yi aiki a kan wannan, haka ma David Edward Hughes a Ingila. A 1878 Hughes ya nuna wa masana a Landan wata na'ura da ya haɗa da katako da ƙusoshi da gutsattsarin gawayi. Dabarar mai sauƙi ce. Magana tana kaɗa iska, iska ta girgiza gawayin da aka ɗora sako-sako, girgizar kuma ta riƙa ƙara ko rage wutar batir da ke ratsa shi, sai wayar ta ɗauki siffar muryar ta kai ta wani wuri. Hughes bai yi rajistar mallakar wannan fasaha ba, ya bar wa duniya. Makirufo mai gawayi ya ci gaba da zama a cikin kan tarho har kusan shekara ɗari.

Na ambaci wannan ne domin irin wannan baƙin sanda na gawayi shi muke zarowa daga cikin mataccen batirin rediyo muna zane da shi a bango. Muna kuma yin wayar gwangwani: gwangwani biyu da zare a tsakani, wadda in aka ja zaren ya miƙe sosai, raɗa takan bi ta cikinsa ta isa kunne. Tazarar da ke tsakanin zaurenmu da ɗakin gwajin Hughes ba ta basira ba ce. Malamin da zai ce mana ga abin da ke hannunku shi muka rasa.

Akwatin da ya shigo gida

Murya mai tafiya a waya ta iso Arewa ne ta hannun gwamnatin mulkin mallaka. A 1944 aka buɗe tashar rarraba shirye-shiryen rediyo a Kano. Ba irin rediyon da muka sani ba ne. Akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha, kuma an kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Mai akwatin ba shi da zaɓin tasha, abin da aka aiko shi zai ji. Brian Larkin ya yi nazarin wannan zamani a littafinsa na 2008 a kan kafafen yaɗa labarai a Kano. Garuruwa irin namu da waya ba ta kai ba, ta hanyar majigi suka fara ganin makirufo. Mota ce take zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a nuna fim na tsafta ko noma ko yaƙi da jahilci, wani ma'aikaci kuma yana tsaye yana fassara da Hausa ta lasifika. Kakata ta ce ranar da ta fara ganin majigi, hoton bai ba ta mamaki ba kamar yadda siririn mutumin nan ya ba ta, wanda ba ya ko buɗe baki sosai amma muryarsa ta cika fili.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Ranar 13 ga Maris, 1957, Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na sashen Hausa na BBC, na minti goma sha biyar. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Muryar Amurka ta fara Hausa a 1979. Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙari, domin tashoshin Nijar ma suna shigo mana da Hausarsu. Amma abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne ƙaramin akwati mai batir, wanda ba ya bukatar wutar gari. Manomi ya rataye shi a reshen gawo, makiyayi ya saƙala shi a kafaɗa, mace ta ajiye shi a gefen murhu. Matar da ke cikin kulle, wadda shela ba ta taɓa nufinta kai-tsaye ba, sai ga labarin duniya ya same ta har ɗaki.

Shirye-shiryen Kaduna irin su Jakar Magori da wasan Samanja na Usman Baba Pategi sun zama abin hira a dandali. Amma a ganina Zaɓi Sonka ya fi su tasiri a kan batun da nake yi. A wannan shiri, mutumin da ba shi da sarauta ko dukiya zai aika kati, a karanta sunansa da na garinsu da na abokansa, dukan Arewa ta ji. A da, sai mai abin hannu ne sanƙira yake ambata. Yanzu kuɗin kati da kan sarki sun wadatar. Mawaƙa ma sun samu sabon fage. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Barmani Choge ta Funtuwa, muryoyinsu sun shiga gidajen da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba.

Masu neman mulki da bindiga su ma sun gane inda ikon ya koma. Ranar 15 ga Janairu, 1966, ta rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gidan rediyon Ikko Laftanar Kanar Dimka ya nufa bayan kashe Janar Murtala. Ranar 31 ga Disamba, 1983, muryar Birgediya Sani Abacha ce ta sanar da kifar da Jamhuriya ta Biyu. Ita kanta fadarmu ta haɗu da wannan sabon zamani, domin Mai Martaba Sarkin Gumel Ahmad Muhammad Sani ya riƙe muƙamin kwamishinan yaɗa labarai a tsohuwar Jihar Kano kafin ya gaji mahaifinsa. Gidan da aka san shi da tambari da kakaki ya fitar da mai kula da rediyo da jarida.

Siyasa, doka da bakin yara

Makirufo ya yi wa tsohon tsari ɓarna ta fuska biyu. Ya ba babban mutum damar jiyar da dubban jama'a ba tare da ya ɗaga murya ya zubar da girmansa ba, saboda haka bukatarsa ga sanƙira ta ragu. Ya kuma ba talaka damar yin shela ba tare da gado ko naɗi ba, muddin ya samu batir da lasifika. Wannan ta biyun ita ce ta tayar da ƙura. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, tela da mahauci da ɗan koli suka fara hawa kan teburi suna faɗar abin da a da sai dai a yi raɗarsa. Hukumomin En'e suka riƙe izinin taro a hannunsu, kuma 'yan adawa da yawa sun sha ɗauri a kan magana. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama saboda tsayawa gaban taro, a zamanin da matan Arewa ba su da ko ƙuri'a. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara jefa ta.

Yara ba su tsira daga wannan dambarwa ba. Su ne suke bin motar lasifika a guje, su haddace waƙoƙin jam'iyya, su shiga da su lunguna da tsakar gidaje inda ɗan siyasa ba zai iya shiga ba. Har abin ya kai ga doka. Dokar Yara da Matasa ta Jihar Arewa ta 1958 ta haramta wa waɗanda ba su kai shekara goma sha shida ba shiga harkokin siyasa, ta kuma tanadi hukunci ga babban da ya sa su. An ƙalubalanci dokar bisa 'yancin faɗin albarkacin baki da aka shigar cikin tsarin mulki a 1959, a ƙarar da masu nazarin shari'a suka sani da sunan Cheranci da Cheranci. A 1960 Babbar Kotu ta tabbatar da dokar, bisa hujjar kare tarbiyyar yara da zaman lafiya.

Ana iya ganin hikimar wannan hukunci, domin jefa yaro cikin rigimar manya zalunci ne. Amma ga mai nazarin tarihi, dokar ta tona wani asiri: hukuma ta yarda cewa bakin yaro kafa ce ta yaɗa labari, mai ƙarfin da ya isa a yi mata doka. Duk lokacin da na tuna yadda muke tsayawa a kan turmi a zaurenmu muna kwaikwayon 'yan takarar 2007, muna alkawarin rijiya da taki, sai in ce da a 1958 ne, da wasanmu ya kusa taka doka.

Mu mun tashi ne a bayan wani sauyin. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. A 1992 gwamnati ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talabijin. Wayar salula ta zo a 2001, gidan rediyon Freedom ya buɗe a Kano a 2003. Haɗuwar salula da rediyo mai zaman kansa ta haifar da shirye-shiryen kiran waya da kuma waɗanda ake kira sojojin baka. Abin da kunnuwanmu suka sha ke nan, shi kuma muka zuba a cikin makirufon kara: labaran duniya, sharhin ƙwallo, wa'azi, tallar magani, da zage-zagen siyasa da ba mu san ma'anarsu ba.

Ludayin Kaka

A nan ne tarihin ya shigo gidanmu. A cikin yaran nan bakwai har da ƙanwata, mai shekara bakwai. Aikin da muka ba ta shi ne riƙe gwangwanin lasifika idan ƙusar ta zame. Kwana uku tana roƙo.

"Yaya, don Allah ni ma ka ba ni in yi labarai."

Na ce mata, "Mata ba sa riƙe makirufo." Na faɗi haka alhali kullum da asuba muryoyin mata muke ji suna karanta labarai a rediyon Baba. Ban ƙirƙiri wannan doka ba, tsintar ta na yi. Ban taɓa ganin mace ta riƙe makirufo a unguwarmu ba, in ban da zabiya a gidan biki da 'yan Islamiyya ranar sauka.

Kaka ta zo mana ganin gida daga ƙauye a makon, tana jin mu daga tsakar gida. Sai ta fito da ludayin fura a hannu, ta tsaya a bakin zaure.

"Kai maigidana, wa ya naɗa ka sarkin magana?"

Na ce, "Kaka, ai ni na ƙera."

Ta ce, "To ita ma ga nata, wannan Allah ne ya ƙera." Ta miƙa wa ƙanwata ludayin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kowa ya yi shiru, kishiyata za ta yi magana."

Muka yi shiru, domin ba mai iya musu da Kaka. Ƙanwata ta hau turmi, ta ƙwanƙwasa ludayin sau biyu, ta yi sallama irin ta 'yan rediyo. Sannan ta karanta labarinta na farko: cewa safar da ke kan makirufon Yaya sabuwa ce, Baba ya sayo ta ranar kasuwa, Yaya ne ya yanke ta da rezar da ya ɗauka a aljihun Baba. Labarin gaskiya ne, kuma kamar kowane labari mai kyau, ya isa kunnen hukuma kafin magariba. Na sha bulala uku.

A daren na ji haushinta ƙwarai. Yau kuwa ina ganin a wannan yammaci na koyi abin da littattafan tarihi suka zo suka tabbatar mini. Wanda ya riƙe makirufo yana ƙin sakin sa ne saboda ya san abin da za a faɗa in ya saki. Dalilin En'e ke nan na riƙe izinin taro, dalilina ke nan na hana ƙanwata. Na kuma koyi cewa ludayi da kara duk ɗaya ne. Babu wanda yake ƙara sauti a cikinsu. Shirun da sauran suka yarda su yi shi ne yake sa a ji mai magana, kuma wani lokaci sai an samu mai iko irin Kaka ya tilasta wannan shiru kafin a ji ƙaramin cikinmu.

Alhamis a Maigatari

A bara na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ranar da shanu da raƙuma da tumaki suke kwararowa daga Nijar, manyan motoci kuma suna lodi zuwa kudu. Abin da ya fara dukan kunnena shi ne ƙananan lasifikokin hannu masu caji. Mai maganin gargajiya, mai sayar da layin waya, mai gwanjo, kowa ya naɗi muryarsa sau ɗaya ya rataye na'urar tana ta maimaitawa, shi kuma yana zaune yana danna waya. Sanƙira ya koma roba da batir. Murya ta yi arha har ta zama hayaniya, kowa yana shela, ba mai sauraron wani.

A bakin tasha na haɗu da almajirin da ya koya mini ƙira. Ya zama magidanci, yana aikin lodin dabbobi. Muka gaisa, na tuna masa da ƙwallon goruba, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ai kai ka ci gaba da magana, mu muka ci gaba da dako." Hannun da ya fi na kowa iya sarrafa kara a unguwarmu bai taɓa riƙe alli a aji ba. Yana da waya, yana sauraron rediyo a cikinta, amma ya ce bai taɓa kira ba, don a ganinsa ba irinsu ake son ji ba. Wannan magana ta fi bulalar Baba zafi.

Ba na cewa babu ci-gaba. Sa'ad da taƙaddama ta taso a kan gonakin da aka ware domin noman rake a Gagarawa, ta rediyo da jaridu manoman yankin suka jiyar da ƙasa kukansu, ba su jira tsanin dagaci da hakimi kaɗai ba. Kakannin waɗannan manoma ba su da wannan dama. Sai dai samun na'ura daban, samun mai sauraro daban.

Wasan yara ma ya sake juyawa. A rumfunan kasuwar akwai makirufon roba daga ƙasar Sin, mai fitila da amsa-kuwwa, wanda yakan mutu kafin sati ya zagayo. Yaran da iyayensu ba su da kuɗinsa kuwa na ga sun yanki tsohon silifas sun yi waya da shi, ɗaya yana riƙe da ita a tsaye yana ɗaukar hoto, ɗaya yana magana cikin ɗan guntun kara da ya maƙala a wuyan riga. Sun riga malaman tarihi rubuta babi na gaba.

Kammalawa

Hausawa suna cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tarihin murya a ƙasar Gumel, daga tambarin Tumbi zuwa lasifikar Maigatari, tarihi ne na yadda mutane suka yi ta ƙoƙarin karɓo waƙarsu daga bakin wasu. Na'ura ta taimaka ƙwarai, ta karya gadon shela, ta shiga da labari ɗakin mata, ta sa an ambaci sunan talaka a Kaduna da Landan. Abin da ba ta iya yi ba shi ne sa mutane su yi shiru domin wanda suka raina.

Ƙanwata malamar firamare ce yanzu a wani ƙauye da ke kan hanyar Gagarawa. Ajinta ya haura yara saba'in, kuma ta ce 'yan matan da ke baya sukan yi zango guda ba a ji muryarsu ba. A kakar da ta wuce ta aiko a tambaye ni yadda ake tsaga karan ba tare da ya fashe ba. Na ce a jiƙa shi tukuna, a tsaga a hankali, a ɗaure gindin tsagin kafin a cusa ƙwallon. Ta ƙera guda ɗaya, ta kafa doka a ajin: wanda yake riƙe da shi shi ne da magana, kuma sai ya zaga kowane benci kafin a tashi. Ta ce da tsohuwar safa ta lulluɓe kan, kuma ta tabbatar tsohuwa ce.